Injin Wanki da Takardar Banki

Ranar Asabar da hantsi aka kawo injin wankin. 'Yan dako biyu suka shigo da shi cikin kwali, suka ajiye a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda Nas, matar gidan mai aikin jinya a asibiti, ta share tun da safe. Yaya, wato babbar yayar mijinta, tana falo da kofin shayi a hannu. Sai ta ajiye kofin, ta bi kwalin da ido.

— Ikon Allah! Wannan kuma na wa?

— Namu ne, Yaya. Sabulu ya gama cinye min hannu, ga wankin kayan asibiti kullum.

— Naku? Ni na ɗauka a gidan nan ko ashana za a saya sai an kira mitin!

Nas ta yi dariya, ita a tunaninta wasa ne. Ba wasa ba ne.

Abin da ke akwai shi ne, shekara huɗu da suka wuce Nas da mijinta suka karɓi bashin gida a banki, na shekara ashirin. Mijin, wanda kowa ke kira Injiniya, gyaran injuna yake yi a wani kamfanin buga takardu, kuma duk wata daga albashinsa ake cire kason banki. Ita Nas a gidan haya ta tashi. Ba ta manta ranar da aka fito musu da kaya bakin titi bayan rasuwar mahaifinta ba. Shi ya sa, da suka yi shekara biyu a gidan, ta roƙi Injiniya su riƙa ƙara wani abu a kan kason, ko bashin ya ƙare kafin furfura ta fito musu. Ya yarda, don yana sonta, kuma ya san tsoronta.

Tsarin da suka yi mai sauƙi ne. In albashi ya shigo, a ware na abinci da wuta da makarantar 'yarsu, a ware ƙarin da Nas za ta kai banki da hannunta. Ɗan abin da ya rage a raba biyu daidai, kowa da ambulan ɗinsa. Doka ɗaya ce: ba mai tambayar wani me ya yi da nasa.

To, ambulan ɗin Injiniya ba ya ganin sha biyar ga wata. Kati, gidan kallon ƙwallo, shayin abokai, shi ke nan ya tashi. Daga nan sai ya lallaɓa wajen Yaya neman na mai. Ita kuwa Nas da abincinta take tafiya aiki, rabin hanya a ƙafa, nata ambulan ɗin yana ƙasan akwati yana ƙiba.

A ranar Asabar ɗin, da Injiniya ya fito rakiya, Yaya ta tsaya a bakin get ta rage murya.

— Kai, tsaya. Kuɗinku ɗaya da matar nan?

— Ɗaya ne, Yaya. Fifti-fifti.

— Kai kana bara a gidana, ita tana sayen inji? Ka taɓa ganin takardar bashin nan da idonka?

— Haba Yaya, ai ita ke kai wa...

— Ita ke kai wa! Ka ba kura ajiyar nama, kana ta washe baki. Ni dai ban ce komai ba.

Ai kuwa ta ce komai. Maganar ta shige shi kamar ƙaya a tafin ƙafa.

Banki kan aiko da wasiƙa sau ɗaya a shekara zuwa wurin aikinsa, shi kuwa cusawa yake a loka ba tare da ya buɗe ba. Ranar Litinin ya zaro ta bana ya farke. Ya danna lissafi a waya, ya goge, ya sake. Bashin ya ragu, amma daidai abin da ake cirewa daga albashinsa kawai. Ƙarin wata ashirin da huɗu, babu shi babu alamarsa. Nan take ya kira Yaya.

Da la'asar Nas ta dawo, ko takalmi ba ta cire ba ta same shi da Yaya zaune, takardar a kan tebur.

— Sannu da gida, Yaya. Diya, masoyina, lafiya na gan ka haka?

— Kar ki diya ni! Ina kuɗin gida?

— Wane kuɗin gida?

— Wanda kike kai wa banki. Karanta! Da me kika sayi injin can?

Ta ɗauki takardar, ta karanta sau biyu.

— Wallahi duk wata ina kai wa. Injin kuwa da kuɗin aljihuna na saya, wata goma sha huɗu ina tarawa. Kuma ai mun ce ba a tambaya...

— Kin ji ko! in ji Yaya. Dokar da aka kafa don a rufe maka baki ke nan.

Nas ta ruga ɗaki ta ɗauko gwangwanin biskit cike da rasit, kowanne da hatimi, ta zube su gaban mijinta. Yaya ko kallonsu ba ta yi ba.

— Takarda? Ƙanena a gidan buga takardu yake kwana yake tashi. Kai, faɗa mata, nawa ake buga irin wannan?

Injiniya ya kau da kai daga rasit ɗin. Wannan ne ya fasa mata zuciya. Hawaye suka zubo.

— Shekara bakwai ina tare da kai. Yau ni ce ɓarauniya?

Ya ɗauki makullin babur ya fita.

Kwana uku ba ya cin abincinta. In ta shigo falo sai ya duba jakarta da wutsiyar ido. In wayarta ta yi ƙara sai ya kasa kunne. Ita ma zargin ya fara cin ta. Ko ma'aikacin bankin ne ke zambatar ta? Ko Injiniyan ne da kansa ya san inda kuɗin suka bi, yake juya mata laifi? Ranar Laraba ta haɗa kaya a jaka, ta kira mahaifiyarta tana shessheƙa.

— Mama, ni gida zan taho.

— Ki taho ki bar musu me? Sunan ɓarauniya? Ajiye jakar nan! Ni ma gabana faɗuwa yake, tun da kika fara magana ban zauna ba. Amma in kin fita yau, kin sa hannu a kan abin da suka ce. Kada ki zagi kowa, kada ki rama. Ki ce a je bankin, har da yayar tasa, a zauna gaban masu abin.

Da safe Nas ta tare Injiniya a ƙofa, idonta a kumbure.

— Alfarma ɗaya nake roƙo. Mu je tare. In ƙarya nake, daga can ka sallame ni.

Su uku suka je. Wata mata mai tabarau ta karɓi rasit ɗaya, ta danna kwamfuta, ta ɗaga gira.

— Wa ke zuba kuɗi a wannan lamba?

— Ni ce, in ji Nas. Ita ce a jikin katin da kuka ba mu ranar sa hannu.

— Ayya, 'yar uwa! Wannan ai asusun ajiya ne da aka buɗe muku tare da bashin. Kuɗinku na nan kwance, ko sisi bai yi ciwon kai ba. Ga su, zubi ashirin da huɗu.

Ta juyo musu da fuskar kwamfutar. Yaya ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin.

— To me ya hana su rage bashin? in ji Injiniya.

— Ba a taɓa ajiyar mutum sai da izininsa. Akwai fom da mai bashi ke cikewa in yana son ƙari ya tafi kan uwar bashi. Yana cikin fayil ɗin da aka ba ka. Kuma duk wata muna tura alat zuwa wannan layin.

Ya leƙa. Tsohon layinsa ne, wanda ya ɓata shekara uku da suka wuce. Fayil ɗin kuwa, ko shafin farko bai taɓa karantawa ba.

Nan take ya sa hannu aka kwashe kuɗin zuwa kan bashin. Matar ta ce da tun farko suka yi haka da sun fi cin riba, amma ko yanzu wajen shekara uku sun faɗi daga ashirin ɗin.

Yaya ta gyara mayafi.

— To, ai ni dama cewa na yi a bincika.

 Sai ta ce tana da unguwa, ta yi gaba.

A bakin matakalar banki Injiniya ya tsaya, idonsa ya yi ja, mutane na wucewa bai damu ba.

— Na zalunce ki. Ke kina tafiya a ƙafa don mu samu inuwa, ni ina bin ki da zargi. Ki yafe min, don Allah.

Nas ta juyo ta dube shi.

— Ni ma da na tambaya tun ranar farko, da ba a kai nan ba. Na yafe. Amma daga yau tare za mu riƙa bin layin bankin nan, kuma maganar ɗakinmu ta tsaya a ɗakinmu.

— Na yarda. Ko layin ya kai titi!

Shekara goma sha ɗaya bayan haka aka miƙa musu takardun gida, 'yarsu na jami'a, su biyun suna riƙe da fayil ɗaya suna kuka kamar yara.

'Ya'yana, ni dai abin da ke ba ni tsoro ke nan a auren yanzu. Ba talauci ke rushe gida ba, zato ne da maganar gefe. Takardar da aka ba ku, ku zauna ku karanta ta tare. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi masu shi kafin ku tuhumi juna. Ke kuma da aka yi wa ƙazafi, ki danne zuciya ki tsaya, don mai gaskiya ba ya gudu. Allah Ya ba mu haƙurin zama da juna.