Wadda Ta Riƙe Hannun Auta

Kwana uku kawai suka zo yi a birnin, uwa da autarta, su ga gari su koma. Sun sauka gidan ƙanin uwar, direban bas, ɗaki biyu a ƙarshen wani lungu. A rana ta biyu, cikin kasuwa, yarinyar ta tsaya kallon wani dogon bene. Uwar ta yi tsaki, ta saki hannunta, ta yi gaba ba waiwaye, wai don ta koya mata hankali. Da ta juyo, babu Auta.

Ta bi titi ya fi goma, kowanne kamar ɗan'uwansa. Ba wanda ya san ta, ba wanda ya tsaya. Sai da rana ta kusa faɗuwa ta tarar da yarinyar zaune a ƙofar gidan, hannunta na dama a dunƙule kamar tana riƙe da na wani.

"Wa ya kawo ki?"

Auta ta dubi dunƙulallen hannunta.

A magaribar nan dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Sai na biyu. Kawu ya leƙa, lungu wayam.

"Yaya," in ji shi, "duk manyan gidajen garin nan, sai gidan haya aka zaɓa?" Ba wanda ya taya shi dariya.

Washegari ma haka, rana na faɗuwa. Yarinyar ta daina ci. Sai ta tsaya jikin taga tana tambaya da muryar tsohuwa, "Ina hanya?" Uwar kuwa na zaune bakin gado ita kaɗai. Duk sanda ta miƙa hannu, Auta ta janye nata.

Rana ta huɗu, an fasa komawa gida, kawu ya kawo wani malami, dattijo mai ƙarancin magana. Ya zauna ya fara karatu. Can yarinyar ta ɗago, idanunta ba nata ba.

"Daina ƙona ni, malam. Ban cuce ta ba."

"Wace ce ke?"

"Ɓatacciya. Na je ziyara, na dawo na tarar an cike rijiyarmu, an yi wurin ajiye motoci. Dangina sun koma bakin kogi. Shekara arba'in ina yawo, na san kowane lungu, amma benaye sun tare mini kogin. Na ga yarinya tana kuka, na kawo ta gida. Ta ce kada in sake ta." Sai ta juya ga uwar. "Ni na riƙe hannunta. Ke kina ina?"

Uwar ta sunkuyar da kai. Gaskiya ɗaci gare ta, ko daga bakin wa ta fito.

"Fita za ki yi," in ji malam.

"A nuna mini hanya, in fita. In ba haka ba, nan zan tsufa."

Malam ya dubi kawu. Direban da ya san kowace tasha ya girgiza kai, don hanyar bas ba hanyar aljan ba ce. Uwar ce ta yi magana, ita da ta yi shekara talatin tana wankau.

"Baiwar Allah, bi ruwan kwata. Duk ruwan da na taɓa zubarwa, gangare yake bi, kogi yake nufa. Ki yafe mini, ki bar mini 'yata."



"Kada ki ƙara yin gaba ba waiwaye," in ji muryar.

Auta ta yi atishawa ta zube. A waje, ruwan kwatar da ya kwana biyu a tsaye ya soma gangarawa, shi kaɗai, har ƙarshen lungu.

Hannun yarinyar ya buɗe, babu komai a ciki. Uwar ta sa nata.