Igiyar Tsohuwa Yelwa

Hantsi ya dubi ludayi sa'ad da tsohuwa Yelwa ta faɗo zauren Maccido, shugaban dogaran Tambuwal, tana haki.

"An sace igiya!"

Saura kaɗan Maccido ya tuntsire da dariya. Ashe ba ta guga ba ce. Damina uku Yelwa tana bin gida-gida a ƙauyensu na wajen Kebbe. Duk magidancin da ya gaji da zaluncin mai gari Ɗangiwa sai ya yi ƙulli ɗaya a jikin igiyar, shaidar Malam Attahiru yake so a naɗa. Gobe masu zaɓe za su zauna a Tambuwal, in babu igiya Ɗangiwa ya zauna daram.

Jinin Maccido ya motsa, ya haye doki.

Da isarsa ƙauyen, Maccido ya fara tsare Ɗangiwa. "Ina kake jiya?"

"Ina Jabo."

"Matarka ta ce kwana fuɗu ba ka fita ba."

Gogan naka ya hau zufa. Tsoron talakawa ne ya kulle shi a ɗaki, kunyar faɗa yake ji. Maƙaryaci ne, amma ba ɓarawo ba.

A ɗakin Yelwa, Maccido ya duba faifan da ke rufe tukunyar da take ajiye igiyar. Ga sawun yatsa baƙi ƙirin. Ya lasa. Tawada!

Ya tara mutane a ƙofar Malam Attahiru, ya ce Yelwa ta yi addu'a.

"Allah shi tona asirin ɓarawon ga!"

"Amin!" in ji gari duka. Bakin mutum ɗaya ne bai motsa ba.

"Malam, ɗaga buzunka," in ji Maccido.

Sai ga igiya a naɗe! Wuri ya kaure da salati.

Malam ya sunkuyar da kai. "Ni na ɗauke ta. Tsoron hisabi nika yi. Wuyana ba shi ɗaukar haƙƙin gari guda."

Yelwa ta matso, ranta a ɓace. "Haba Malam! Don kana tsoron hisabi, sai ka bar mu ga wanda ba shi tsoronai?"

Hawaye suka zubo wa Malam.

Maccido ya rataya igiya a kafaɗa, ya kama hannunsa yana murmushi.

"Ka amsa laifinka, Malam. Tashi mu tai Tambuwal, can za a ɗaure maka kai da rawani."

Gari duka ya bi su, Yelwa na gaba tana rangaɗa guɗa.