Kwabon Delu Marar Huji

A unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya, an yi wata yarinya mai ƙanwa, ana ce wa ƙanwar Delu. A zamanin nan kowane kwabo yana da huji a tsakiya.

Ran nan Inna ta aiki Delu sayen daddawa. Cikin canjin da aka ba ta sai ga kwabo ba huji.

Da suka je makaranta, Delu ta nuna wa Malam Nasidi kwabon, ya juya shi, ya ce, "Kuskure ne daga inda ake buga kuɗi. Injin ne ya tsallake shi. Samun irinsa sai an dace. Gobe ki kawo, 'yan aji su gani."

Yara suka yi ta bin Delu. Ba wanda ya ko dubi yayarta. Abin ya tsaya wa yarinyar a rai, har tuwon rana ta kasa ci.

Da la'asar ta zare kwabon daga ƙarƙashin tabarmar Delu. Ta zaga bayan ɗaki da ƙusa da dutse, ta yi ta bugu har ya huje. Garin haka ta daki babban yatsanta.

Delu ta ga kwabon, ta fashe da kuka.

"Ƙila dama can haka yake, ba ki duba da kyau ba," in ji yarinyar.

Baba ya ciro wani kwabo daga aljihu, ya jera su a tafin hannunsa.

"Zo ki shafa," ya ce wa yarinyar. "Hujin inji sumul yake, kuma ya yi duhu kamar sauran jikin. Wannan fa?"

Ta shafa. Bakin hujin ya turo ta baya, yana da kaifi, yana ƙyalli.

"Me ya sami yatsanki?"

Ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Baba. Kowa Delu, kowa Delu."

"To, yanzu an koma kallonki?"

"A'a."

Washegari Baba ya sa ta kai kwabon da kanta, ta faɗi abin da ta yi gaban aji. Malam Nasidi ya zagaya da shi, ya koya musu bambancin kuskuren inji da ɓarnar hannu.

A hanyar gida ta ce, "Delu, ki yafe mini."

Delu ta dubi yatsan yayarta. Can ta kama hannunta. "Na yafe, Yaya. Yatsan yana ciwo?"

Suka shiga gida tare suna dariya. Tun daga ranar yarinyar ta gane hassada ba ta ƙara wa mutum komai, sai ɓata abin ɗan'uwa da jawo wa kai kunya.