Jar Fitila a Ƙofar Liman

Da asuba Ganau ta yi ɗan ƙugi a banɗakin gidan Malam Tanimu. Ta zuƙe abin da aka zubar, ta tace shi, ta aika sakamako cibiyar lafiya. Kafin ruwa ya gama wanke masai, fitilar da ke saman ƙofar gida ta sake kamawa. Ja.

Ganau na'ura ce da Hukumar Lafiya ta Sabuwar Funtuwa ta dasa a kowane gida. Tana gane jini da tsutsa da ƙwayar cutar daji tun kafin mai su ya ji ciwo. Waɗanda suka ƙera ta sun sa fitilar a waje don jiragen asibiti marasa matuƙi su san inda ake buƙatar likita. Sun manta cewa maƙwabta ma suna da idanu.

Kowa a unguwar ya san jar fitilar ta Ramlatu ce, 'yar Malam. Tun tana sakandare kumburin hanji ya kama ta. Da ƙunzugu a jikinta ta rubuta jarrabawa, da shi ta zama injiniya a matatar ruwan birni. Ba ta taɓa sunkuyar da kai ba, ko ranar sallah da aka dawo mata da kwanukan tuwon da ta aika wa maƙwabta ba a buɗe su ba.

"Ba ƙyama ba ce, 'yar nan," in ji Hajiya Kande ta gidan gefe. "Mun ƙoshi ne."

"Ba komai, Hajiya. Hanjina ne ke ciwo, ba hannuna ba."

Amma akwai abin da unguwa ba ta sani ba. Fitilar ba ta faɗin suna, kuma tun damina Ganau take ganin jinin mutum biyu a gidan. Da Ramlatu ta ga sakamakon, ta sami mahaifinta a ɗaki yana naɗa rawani.

"Baba, ƙari ne a hanjinku. Yanzu ana iya cire shi. In aka jima ba za a iya ba."

"Uwata," haka yake kiranta don sunan mahaifiyarsa ta ci, "in jirgi ya sauka ya kira sunana a lasifika, wa zai ƙara bin sallata? Za su ce liman ba ya riƙe alwala."

"Su ce mana. Ni me ya rage ba su ce ba?"

"Ke kin iya ɗauka. Ni ban iya ba. Ki bar ni in fake a bayan fitilarki."

Ta yi ta roƙo har ta gaji. Su biyu ne kaɗai a gidan tun rasuwar mahaifiyarta, ba ta da wanda za ta kai wa ƙara. Ta bar shi ya fake.

Sai nata ciwon ya tsananta. Likitoci suka ce dole a yanke wani sashe na hanjinta, a maƙala mata jaka a ciki. Jirgi ya zo ya ɗauke ta a gaban kowa. Daga ranar, idan fitila ta ci gaba da ja, mutum ɗaya kawai za ta nuna.

Malam Tanimu ya rufe banɗakin. Kullum kafin kiran salla sai ya ɗauki buta ya gangara tsohuwar magudanar ruwa da ke ƙarƙashin birni. A can ya tarar ba shi kaɗai ba ne. Dattawan sahun gaba na nan, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, ba mai gaida wani. Fitilarsa ta koma kore. Aka yi ta yi masa barka a ƙofar masallaci.

Wata safiya jiri ya kayar da shi a cikin magudanar, jini na zuba. Dattawan suka taru a kansa. Kowannensu na da agogon da ke kiran asibiti da taɓawa ɗaya, amma wanda ya kira sai ya faɗi abin da ya kai shi wurin. Suka yanke shawarar su ɗauko shi su kwantar a matakalar masallaci tukuna, a ce nan ya faɗi. Hawan na da tsawo, su kuma tsofaffi ne. Da jirgi ya iso, gawa ya tarar.

A zaman makoki Ramlatu na zaune da jakarta a ƙarƙashin hijabi, ta ji Hajiya Kande na cewa, "Lafiyarsa ƙalau fa. Ajali ne kawai."

"Jini ne ya ƙare masa," in ji Ramlatu, yadda mazan da ke waje za su ji. "Ciwon hanji, irin wanda ba kwa son a ambata. Waɗanda suka ɗauko shi sun san inda suka same shi."



Da ta samu sauƙi ta tsaya gaban taron Hukumar, ta ba da labarin ba ta rage komai ba, ta nemi a cire fitilun daga ƙofofi. Aka tafa mata. Shugaban taron ya ce lallai ta gano babban giɓi a tsarin. Kafin wata ya ƙare aka dasa Ganau a duk faɗin magudanar, da kyamarori masu gane fuska.

Yanzu magudanar tsab take. Dattawan kuwa sukan fita tun da sauran duhu, da butoci a ƙarƙashin babbar riga, su nufi dajin bayan gari, inda jirgin asibiti ba ya kaiwa.