Ɓarawon da Ya Cire Takalmi

Ranar Juma'a da hantsi Amadou maƙerin azurfa ya faɗo komisariya, ofishin 'yan sanda, yana haki.

"Insipekta, an sace mana uwar maƙera!"

Insipekta Alkasum, mutum mara son hayaniya, ya ajiye shayinsa ya bi shi tsohon gari. A hanya Amadou ya zayyana masa komai. Ƙungiyar maƙeransu tana da tsohuwar uwar maƙera ta kakanni, ƙarfen da ake ƙira a kansa, kuma ba a yanke hukunci sai kowa ya dafa ta. Yau za a kori Ilyas, wani ɗan ƙungiyar, don ya janye wa Amadou mai saye daga bakin rumfarsa, abin da dokarsu ta hana.

"To wa zai sace in ba shi ba?" in ji Amadou.

Kwaɗon ɗakin taro lafiya lau, ba a fasa ba. Alkasum ya duƙa. A ƙofa ga sawun takalmi, a ciki kuwa sawun ƙafa tsirara.

"Me ya sa babu mai shiga da takalmi?"

"Haba Insipekta! Ɗan ƙungiya ai ba ya tunkarar uwar maƙera da takalmi."

"Ashe ɓarawonku mai ladabi ne."

Aka kira Ilyas, ya zo ido jawur.

"Ina kake da sassafe?"

"Ina Tabelot, wajen sayen albasa."

"Garin nan mai nisa? Ka tashi sama ne ka dawo?"

Ilyas ya sunkuyar da kai. "Ƙarya na yi. Ina gida ina kuka. Shekara ashirin nake cikinsu, in sun kore ni wa zai ɗauki gawata?"

"Kana da makulli?"

"Baba Nomau kaɗai ke da shi, shugabanmu."

Su uku suka nufi gidansa, suka tarar da Baba Nomau kwance a zaure yana nishi, dafe da ƙugu.

"Baba, me ya sami bayan?"

"Tsufa, ɗana."

Matarsa Rabi ta leƙo. "Tsufa ina! Jiya garau yake. Da asuba ya shigo da wani abu a buhu, yana tafiya kamar agwagwa."

"Rabi, wa ya tambaye ki?"

Alkasum ya danne dariya ya ɗaga tabarmar da ke kusurwa. Ga uwar maƙera zaune abinta.

Tsohon ya tashi da ƙyar. "Ni ne. Doka ta ce bakina ne zai furta korar. Ni na koya wa Ilyas riƙe guduma, ni na koya wa Amadou. Na ce in babu ita babu hukunci, ko zuciya za ta huce."

Jikin Amadou ya yi sanyi. Ya dubi Ilyas, sannan ya tuɓe takalmi ya dafa ƙarfen.

"Na yafe. Zo ka dafa, ɗan'uwa, kafin mu karya tsoho gaba ɗaya."

Ilyas ya dafa yana hawaye yana dariya. Rabi ta rangaɗa guɗa.

"Madalla," in ji Alkasum. "Amma an kai ƙara, Baba. Sai ka zo komisariya ka ba da bayani."

"Da wane bayan zan je?"

Amadou ya kama hannun dama, Ilyas ya kama na hagu, suka ɗaga shi cak. Haka aka fita da ɓarawo a kan kafaɗun mai ƙara da wanda aka zarga, yana ta yi musu faɗa su tafi a hankali.