Tagar Da Aka Ɗinke

Magariba ta kawo jiki, Mai-ɗinki tana tsugune a bakin ƙofa tana fifita gawayi a kasko, sai ta ji dutse ya daki tagar ɗakinta. Ta ɗaga kai ta saurara. Ba motsin kowa, sai tarin Auta daga ciki. Ta ce a ranta yaran unguwa ne, ta ɗauki kaskonta ta shige, ta ja ƙofa da bismilla kamar yadda ta saba. Ko zama ba ta yi ba aka sake jefo wani.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, tagar nan lungu take kallo, lungun da ko akuya sai ta karkace za ta wuce. Ba inda mutum zai tsaya ya ɗaga hannu.

Bari in gaya muku yadda tagar take. Tun shigowar sanyi Auta, ɗan shekara uku, ya kama tari. Uwar ta ba shi zuma da ruwan ɗumi, ta shafa masa man zafi a ƙirji, ta sayo maganin tari a kemis, duk a banza. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya, ba ta da abokin shawara sai kanta. Kanta kuwa ya gaya mata iska ce ke shigar wa yaron ƙirji. Sai ta kwaso ragowar yadukan masu kawo ɗinki ta cusa a kowace kafa ta tagar, ta ninka tsohon bargo ta kafe shi da ƙusoshi, ta bi gefensa da allura da zare, ɗinkin da ko tururuwa ba za ta samu hanya ba. Ƙarƙashin ƙofa ma ta yi masa dogon matashi. Maƙwabciyarta ta leƙo ta gani, ta ce saura ta ɗinke hancin yaron ta huta. Mai-ɗinki ba ta yi dariya ba, don tsoro ya riga ya cika mata ciki.

Ɗakin ya yi ɗumi, ba ƙarya. Amma tarin gaba ya yi. Da rana yaron yakan ɗan warware ya fito tsakar gida, da an shigo da kasko an rufe ƙofa sai ƙirjinsa ya fara kuka. Su ukun duka da ciwon kai suke tashi, ita da Auta da yayarsa, yarinya 'yar shekara goma sha biyu da ake kira Shiru-shiru saboda sai ta wuni ba a ji bakinta ba. Uwar ta ce sanyi ne, ta ƙara gawayi.

Jifa kuwa bai fasa ba. Kowace magariba sai an yi, kuma tagar kaɗai ake nufa, ba a taɓa samun rufi ko ƙofa ba. Ranar da gilashin ya tsage, Mai-ɗinki ta ƙara bargo na biyu a kai. Daga nan sai ta fara tashi da safe ta tarar an warware gefen ɗinkin, zare yana reto. Ta tsare Shiru-shiru da faɗa, yarinyar ta rantse ba ta san zancen ba. Uwar ta ɗauko allura ta mayar da ɗinkinta, har da ninki.

Akwai kuma abin da ba ta gaya wa kowa ba. In Auta ya yi tari ya yi shiru, takan ji wani tarin, siriri, daga kusurwar bayan keken ɗinki. Ta haska wurin, ba komai sai tsohuwar ƙwaryar zare. Sai wata yamma ta kasa kunne ba ta ji shi ba, har ta yi hamdala.

Washegari da magariba ta shigo da kasko ta tarar da Shiru-shiru tsaye a jikin taga, tana tsinka ɗinkin da farce. Yatsunta duk jini. Uwar ta kira ta, ba ta waiwayo ba. Ta kama kafaɗarta, sai yarinyar ta juyo da idanun da ba nata ba, ta hankaɗe ta da hannu ɗaya har ta bugu da gado. Mai-ɗinki ta fita ba takalmi, maƙwabciya ta ruga ta kira malamin da ke karantar da manya a masallacin unguwa.

Tsoho ne, ba ya sauri a komai. Yana sa ƙafa a ɗakin ya tsaya, idanunsa suka kawo ruwa, shi ma ya yi tari. Ya dubi kasko, ya dubi taga. Ya zauna kusa da yarinyar da maƙwabciya ke riƙe da ita da ƙyar, ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Can sai jikin yarinyar ya saki, wata murya ta fito daga bakinta, muryar babbar mace wadda ta sha kuka.

Malam ya tambaye ta wace ce, me kuma ya kawo ta. Ta ce ba zuwa ta yi ba, ta riga su zama a ɗakin, kusurwar bayan keke tata ce. Ta ce shekaru suna zaune lafiya, ɗanta yana wasa da ƙwaryar zare, ba su taɓa ɗaukar wa kowa ko allura ba.

"To me suka yi miki?"

"Tambayi mai allura," in ji muryar. "Ta toshe ɗaki ta kunna wuta. Hayaƙi ya rasa hanya. Ɗana ya yi ta tari. 'Yan'uwana suka yi jifa daga waje, ta ƙara bargo. Na ari hannun 'yarta na warware, ta ɗinke."

Malam ya ce me ya hana ta fita da shi. Muryar ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce su ba sa fita da rana, da magariba kuwa matar nan da bismilla take rufe ƙofa, ɗinkinta ma kowane sukan allura da bismilla. Ta ina za ta bi?

"Jiya tarinsa ya tsaya," ta ce. "Yana can kwance a kusurwa. Ɗa nake so a madadin ɗa."

Mai-ɗinki ta rarrafa ta rungume Auta. Malam ya ce da muryar ta ji tsoron Allah, matar nan ba da sani ta yi ba, ɗanta take karewa. Muryar ta ce ita ma nata take karewa, me ya hana ya mutu? Malam ya ɗaga murya da karatu, yarinyar ta yi ta murƙususu, amma mai maganar ta ce ko za a ƙone ta ba inda za ta.

Ana cikin haka tari ya turnuƙe Auta. Ya yi ta yi ba numfashi a tsakani, har leɓensa ya sauya launi. Karatun ma ya tsaya. Kan Shiru-shiru ya juya a hankali wajen yaron, ta daɗe tana kallonsa.

"Haka nawa ya yi shekaranjiya," muryar ta ce, ƙasa-ƙasa.

Malam bai bar wannan damar ta wuce ba. Ya ce za a buɗe mata hanya ta ɗauki ɗanta ta kai wa danginta, ta saki yarinyar, ta bar yaron, kada ta dawo. Muryar ta ce ta yarda, da sharaɗi biyu: wadda ta ɗinke ita za ta farke da hannunta, kuma wuta ba za ta sake kwana a ɗakin nan ba.

Mai-ɗinki ta ɗauki almakashi. A gaban tagar hannunta ya tsaya, don tana jin kukan iska a lungu, iskar da ta yi wata da watanni tana yaƙi da ita, ga ɗanta da zufa a jiki. Wallahi ji ta yi kamar wuƙa za ta sa masa. Ta runtse ido ta farke bargunan daga sama har ƙasa, ta zare tsummokin, ta tura tagar. Sanyi ya faɗo ɗakin. A hasken fitila suka ga hayaƙin da suke kwana a ciki yana fita, kauri guda. Maƙwabciya ta sunkuci kasko ta yi waje da shi.

Shiru-shiru ta yi atishawa ta faɗi a jikin maƙwabciya, ta buɗe ido tana tambayar me ya sami yatsunta. Malam ya ce a ƙara wa yaron riga a lulluɓe shi, a ci gaba da zuma da ruwan ɗumi, a bar tagar a buɗe ko da faɗin tafin hannu ne, gari na wayewa kuma a kai shi asibiti. Ya ce kada kowa ya taɓa kusurwar nan sai gobe.

Bayan sun tafi, Mai-ɗinki ta zauna tana sauraron numfashin Auta, tana ji yana sassautawa. Idonta kuwa ya ƙi barin bayan keke. Can ta tashi ta buɗe akwati, ta ciro farin yadin da ta fi ji da shi, ta yanki daidai wanda zai naɗe ƙaramin yaro. Ta ninke shi ta ɗora a bakin taga, hawaye suna zuba.

Da safe babu yadin. A wurinsa akwai dutse ɗaya ƙarami, ba jefo shi aka yi ba, ajiye shi aka yi.