Ƙiryar Inna Saude

Da la'asar sakaliya Namadi mai hoto ya saɓa ƙafafun kyamararsa a kafaɗa, ya nufi rumfar Shitu kafinta a bakin kasuwar Gummi. Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka addabi gonaki ce, ko kuwa wadda ta bi ta. Shekarun nan sun fara cakuɗe mini, amma labarin yana nan yadda yake.

Ma'aikatar gona ce ta ba shi aikin ɗauko hoton tsuntsayen a inda suke kwana, don a san wurin da za a yi feshi. Sun ba shi aron wata kyamara mai nauyi, da gilashinta dogo kamar taɓarya. Jan-baki ba sa taruwa sai rana ta kusa faɗuwa, lokacin da haske ya yi ƙaranci. A irin wannan lokaci ko numfashi mutum ya yi kusa da kyamara, sai hoton ya fito dishi-dishi. Ƙafafun ƙarfen da yake da su kuwa na ɗaukar hoton amare ne da 'yan makaranta.

Shitu ya kafa su a ƙasa, ya ɗora kyamarar, ya ɗan taɓa ta da yatsa. Ta yi ta rawa.

"Kai, Namadi! Kan bijimi ka ɗora bisa ƙahwahun zalɓe?"

"Shi ya sa na zo, ai. Ka yi min na icce. Gora hwa?"

"Iska na ɗaukar ta."

"Dogon yaro?"

"In ya sha ruwa lanƙwashewa yakai. Sai ka ɗauko tsuntsu ya hito awa jemage, a ce kai ne makaho." Shitu ya yi dariya, ya tofar da goro. "Ƙirya za ka samo min. Guda uku, miƙaƙƙu, busassu, waɗanda sunka daɗe cikin inuwa. Ita ka riƙon nauyi ba ta motsi. Ɗanya dai kar ka kawo min, tsagewa takai."

Namadi ya san inda irin wannan ƙirya take.

Mahaifiyarsa, Inna Saude, tana zaune a wani ƙauye gaba da Nasarawar Burkullu. Ranar da mijinta ya rasu, wata ƙirya aka sare a gonarsa aka jera guntayenta a kan kabarinsa kafin a zuba ƙasa, kamar yadda ake yi wa kowa. Abin da ya rage sai ta sa aka kawo mata gida, aka jera a bayan ɗakinta bisa duwatsu. Takan ce itacen da ya rufe Malam shi zai rufe ta. Da idonta ya yi rauni, sai ta riƙa zagayawa da safe tana shafa su ɗaya bayan ɗaya.

Ya je ƙauyen ranar da ta tafi barkar haihuwa. Ya zaɓi uku mafi miƙewa, ya ɗaure a bayan babur. A hanya yana ta faɗa wa kansa cewa Inna da sauran ƙarfinta, kuma ƙirya ba ta ƙare a daji ba. Aiki na ƙarewa zai saro wata ya mayar.

Shitu ya fere su, ya goge, ya haɗa kawunansu da ƙarfe. Da aka ɗora kyamarar, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Da Namadi ya koma gaishe da Inna, ya tarar da ita a ƙofar ɗaki tana ɓarar gyaɗa.

"Ɗan nan, iccena ya ragu."

"Wataƙila gara ce, Inna."

Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa.

"Gara ba ta cin ƙirya," in ji ta. Sannan ta tura masa ƙwaryar gyaɗar. "Ci. Ka rame."

Yana can wajen Anka yana bin tsuntsaye, zazzaɓi ya kwantar da ita. Kafin saƙo ya same shi ta rasu, an riga an kai ta. Baffansa Hammadu, ƙanen mahaifinsa, shi ya tare shi a zaure ya yi masa ta'aziyya. A cikin magana ya ce, "Iccen nata bai kai ba. Munka cike tsakiya da ɗanyen dogon yaro." Namadi ya sunkuyar da kai, aka ɗauka hawaye ne kawai.

Bayan addu'ar bakwai bai koma Gummi ba, don an ce jan-baki sun sauka a fadamar ƙauyen. Damina ta zo ƙarshe, gero ya yi kai. Ya ce a ransa bari ya ɗauki wannan hoto ɗaya, gobe ya shiga daji neman ƙirya.

Ya fita rana na shirin faɗuwa. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, amma iska ba ta taso ba tukuna. Ya kafa ƙafafun a bakin fadama, inda ƙasa ta yi tauri, ya ɗaura kyamarar, ya juya gilashin wajen kyauron da ke tsallaken ruwa. Kwaɗi na kuka. Daga nesa ana jin daka a ƙauye, da kukan maraƙi a rugar Fulani.

Tsuntsayen suka zo kamar hayaƙi, suna juyawa a sama, suna zubowa cikin kyauro da ƙara irin ta ruwan sama a kan kwano. Ya sa ido a kyamarar. Hoton ya tsaya cak, har yana ganin jan bakinsu ɗaya-ɗaya. Ya danna. Ya sake dannawa.

Sai ƙarar ta ɗauke.

Tsuntsayen suna nan a kan kyauro, amma babu mai motsi a cikinsu. Kwaɗi sun yi shiru. Dakan ƙauye ma ya tsaya.

Wani ƙamshi ya zo masa, na ganyen magarya da aka dama a ruwa, irin wanda ake wankan gawa da shi. A ƙarƙashinsa kuma warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da aka tono daga zurfi.

Kyamarar ta motsa a jikin goshinsa.

Bai taɓa ta ba, hannuwansa biyu suna gefe. Ƙarfen da ya ɗaure tamau ya yi ƙara a hankali, ƙiii, gilashin ya bar kyauro, ya wuce gonar gero, ya hau tudu, ya tsaya a kan maƙabarta.

Dogon gilashi ya jawo masa wurin har gabansa. Ga sabon kabarin. Tsakiyarsa ta lotsa, ruwa ya kwanta a ciki.

A gefensa akwai wani abu fari, a durƙushe. Hannu ya fito daga cikin farin, siriri, yana shafa ƙasar kabarin daga wajen kai. Ya shafa, ya matsa. Ya shafa, ya matsa. Da ya zo inda ta lotsa sai ya tsaya, ya yi ta lalube.

Namadi ya janye idonsa. Tudu ne kawai daga nesa, da 'yan geza, da duhun hadari.

"A'uzu billahi," ya faɗa.

Ya mayar da ido.

Abin ya miƙe tsaye. Ya baro tudun, yana bakin gonar gero.

Ya janye ido. Babu komai. Gero ko kaɗawa ba ya yi.

Bai so ya sake dubawa ba, amma ya duba. Fari ne ya cika gilashin gaba ɗaya, har yana ganin saƙar zaren, da jar laka a jikinsa.

Ya ja da baya. Ya kama ƙafa ɗaya da hannu biyu don ya ɗauke kayansa ya gudu. Ta ƙi tasowa. Ya duba ƙasa. Ƙafafun uku sun nutse cikin busasshiyar ƙasa har rabinsu.

Sai ya ji sautin.

Shaa. Shaa. Busasshen tafin hannu a kan itace.

A ƙafar da ke nesa da shi. Sannan ta biyu.

Sannan wadda yake riƙe da ita. Wani sanyi ya bi ta kan yatsunsa, ya wuce, ya dawo ya zauna a kansu.

"Ɗan nan."

A daidai kunnensa, ƙasa-ƙasa, babu faɗa a ciki.

"Ruwa na shigo min."

Ya saki. Ya juya zai gudu, aka riƙe bakin rigarsa ta baya. Ba da ƙarfi ba. Yadda ake riƙe yaro a kasuwa don kada ya ɓata.

Ya fizge. Rigar ta yage.

Ya faɗa cikin gero, karare na dukan fuskarsa, takalmi ɗaya ya fita bai tsaya ba. A bayansa tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, kamar an yage sama. Bai waiga ba har ya jiyo ladan yana kiran magariba, ya faɗi a ƙofar masallaci.

Baffa Hammadu na alwala. Namadi ya kama ƙafarsa.

"Baffa, ni na ɗauke iccen Inna. Ni na. Kabarin ya buɗe."

Tsohon ya dubi gabas, inda walƙiya ta fara. Ya ajiye butarsa.

Ana sallame salla liman ya ce a je, gyaran kabari ba ya jiran safiya in ruwa na tafe. Suka ɗauki fitilu da fartanya. Suka bi ta fadama, suka sami kyamarar a tsaye tana kallon kyauro. Baffa Hammadu ya ɗaga ƙafafun da hannu ɗaya, babu ko laka a jikinsu.

Kabarin kuwa ya lotsa kamar yadda ya gani. Ɗanyen itacen ya lanƙwashe, ya karye a tsakiya, kaɗan ya rage likkafani ya bayyana. Aka kwance ƙarfen da ya haɗa ƙafafun, Namadi ya durƙusa ya jera su da hannunsa. A nan ya ga abin da ferewar Shitu ta yi musu. Duka ukun a haɗe ba su rufe wurin gungume ɗaya ba. Sai da wani ya koma gida da gudu ya ciro marfin ƙofar ɗakinta aka cike da shi. Suna zuba ƙasa ta ƙarshe ruwa ya sauko.

A hanyar komawa, cikin ruwan, Namadi ya ce, "Baffa, ba ka tambaye ni komi ba."

"Ita ta hana. Tana kwance tac ce min, kar kowa ya tambaye ka, kunya za ka ji. In ka kawo, mu karɓa."

Malamai sun ce matacce ba ya dawowa, aljani ne ya ari muryarta, kuma Allah ne mafi sani. Namadi bai taɓa musu da su ba. Fim ɗin ranar dai ya zare shi a cikin hasken rana ya lalace, bai wanke ba, ya mayar wa ma'aikata kyamararsu, ya ce a nemi wani. Ya rufe shagonsa na Gummi ya dawo ƙauye yana noma gonar mahaifinsa.

Na san shi a shekarunsa na ƙarshe, mutum mai yawan shiru. Ko yayyafi aka yi, ba ya karya kumallo sai ya ɗauki fartanya ya hau tudun nan. Yakan durƙusa ya danna ƙasar da tafin hannu, daga kai har ƙafa, ya ce a hankali, "Inna, akwai inda ruwa ka shiga?" Sai ya yi shiru, ya kasa kunne.